Kowa da kunyarsa: yadda ake koyar da matasa kimiyya a tsarin gayya

Duk wanda ya tashi a Mai Wurno, ko wani gari na bakin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, ya san launin kogin a watan Agusta. Ruwan da ya gangaro daga tsaunukan Habasha yakan iso jawur da laka, in ka ɗebo a kofi ba ka ganin gindin kofin. Da wannan ruwan nake buɗe darasin kimiyya a ajin mutawassiɗ, ajin 'yan shekara 13 zuwa 15. Zan shimfiɗa yadda nake yi daki-daki, domin malam ko malamar da ba su da ɗakin gwaji, ba su da lantarki, sai allo da alli da yara sittin.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 makarantu da yawa suka daɗe a rufe, wasu suka koma masaukin waɗanda suka baro gidajensu. Yaran da suka dawo mana ba yadda suka tafi suka dawo ba. Wani ya daɗe bai buɗe littafi ba, wani shi ke tura karo, wato amalanke, yana sayar da ruwa don a ɗora tukunya a gidansu. Yaron da ya ɗauki irin wannan kaya a waje, in ya shigo aji aka ce ya zauna ya naɗe hannu ya haddace, zai raina ajin, kuma yana da hujja.

Da na fara raba yara rukuni-rukuni, abin da na samu shi ne yaro ɗaya mai ƙoƙari yana aiki, uku suna hira, a ƙarshe duka huɗu su sa suna a takarda. Laifin nawa ne. Na tara su ban raba musu aiki ba. Gona ce ta gyara mini tunani. A gayya, wadda makwabtanmu ke kira nafir, ba a cewa jama'a su shiga gona su yi ta noma haka kawai. Kowa ana tsayar da shi a bakin kunyarsa. In ya yi lalaci kowa na gani, kuma gonar ba ta ƙarewa sai kunyarsa ta kai ƙarshe. Duk abin da ke ƙasa, ƙoƙari ne na kawo wannan tsarin cikin aji.

Da farko, tambayar

Kada ka shiga da sunan darasi. Ka shiga da kwalba biyu, ɗaya ruwan kogi, ɗaya ruwa garau, ka ajiye a kan tebur, ka tambaya: a gidanku, in an kawo irin wannan jan ruwan, me ake yi masa? Za ka sha amsoshi. Wata za ta ce a bar shi ya kwana a zir, wato randa. Wani zai ce ana jefa alam, wanda a kasuwa ake ce wa shabb. Da wuya a rasa wanda zai ce kakarsa tana daka 'ya'yan zogale ta zuba. Rubuta duka a allo, kada ka ce wannan daidai ne wancan kuskure.

Maganar zogalen nan tana da tarihi da ya kamata yara su sani. Wata masaniya, Samia Al Azharia Jahn, ta daɗe a shekarun 1970 da 1980 tana bin ƙauyukan bakin Nilu a nan Sudan tana nazarin yadda mata ke tace ruwa da 'ya'yan itacen da suke kira shajarat ar-rawwaƙ, itacen da ke sa ruwa ya kwanta. Zogale ne. Daga hannun matan ƙauye ilimin ya shiga ɗakunan bincike na duniya. Idan ka faɗa wa yarinya haka, kallon da take wa kakarta yakan canza.

Daga nan ka matse tambayar har ta zama wadda awo zai iya amsawa. "Zogale na da amfani?" ta yi faɗi. "A lita ɗaya ta ruwan kogi, 'ya'yan zogale nawa ne suka fi sa ruwa ya yi garau bayan awa ɗaya?" wannan ana iya kama ta. Bar yaran su yi ta gyara jimlar da kansu ko da za ta cinye rabin hissa, wato rabin lokacin darasi ɗaya.

Rabon rukuni da rabon kunya

Mutum huɗu. In sun kai shida, biyu za su ɓuya. Kai za ka haɗa su, kada ka bar abokai su zaɓi juna, domin wanda ya zo daga wani gari saboda yaƙi shi za a bari a gefe. Ka cakuɗa mai ƙarfi a karatu da wanda aka bari a baya, amma kada ka haɗa mafi ƙwazo a aji da mafi rauni su kaɗai, ratar takan sa ɗaya ya gaji ɗaya ya yi shiru.

Ayyukan huɗu ne. Akwai mai awo, shi kaɗai ke taɓa rula da murfin awo. Akwai marubuci, littafin rukuni na hannunsa, kuma da biro yake rubutu, ba a gogewa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farkon. Akwai amini, shi ke karɓar kaya ya ƙirga, ya mayar ya ƙirga, shi ke tabbatar kowa ya wanke hannu. Na huɗu shi ne mai tambaya, kuma a kansa nake so in tsaya.

Aikin mai tambaya shi ne ya ce "ta yaya muka sani?" duk lokacin da wani ya yanke hukunci. Mu mutane ne da aka rena da kunya da kawaici, yaro ba ya son ya musa wa ɗan'uwansa a gaban mutane, balle wanda ya girme shi. Idan ka maida musun ya zama aiki da aka ɗora masa, ka sauke masa wannan nauyin. Ba rashin ladabi ya yi ba, kunyarsa yake nomewa. Nakan tuna musu cewa malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun tambayi wa ya ji daga wa, kuma ba wanda ya ce musu marasa kunya. Nakan kuma ambaci Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira: ya girmama magabata, amma sai da ya gwada maganarsu a kan gani da haske kafin ya yarda ko ya ƙi.

Ayyukan suna juyawa kowane mako. Wanda ya fi surutu ma wata rana shi ne marubuci, dole ya saurara.

Sai maganar harshe. Littafinmu da jarrabawarmu da Larabci suke, yara kuwa in sun haɗa kai Hausa ce ke fita, wani lokaci Fulatanci. Kada ka hana. Yaro yana tunani da harshen da yake faɗa da shi. Su yi gardamarsu da Hausa, marubuci ya rubuta da Larabci, kai kuma ka sa kalmomin darasin a gefen allo da harsunan biyu. Abu ɗaya za ka kiyaye: in akwai wanda ba ya jin Hausa a rukunin, sai a koma harshen da kowa ke ji.

Gwajin share fage

Kafin babban aikin, ka ba su ƙarami na hissa ɗaya don su saba da ayyukansu. Jiƙa karkade, wato zoborodo, ka sirka shi da ruwa har ya yi haske. Kowane rukuni kofi uku. A ɗaya za a ɗiga lemon tsami, a ɗaya ruwan kanwa, na uku a bar shi. Kafin kowa ya taɓa komai, kowane yaro ya rubuta abin da yake zaton zai faru da dalilinsa. Na lemon zai ƙara ja, na kanwa zai juya ya yi duhu-duhu mai ratsin kore, domin launin karkade yana canzawa da tsami ko kishiyarsa. A kiyaye ruwan kanwa daga ido. Abin da kake nema su koya a nan ɗabi'a ce guda: a rubuta zato kafin a gani. Wanda bai rubuta ba, da ya ga sakamako zai ce dama ya sani.

Tsara gwajin, inda aikin yake

Nan ne malamai ke yin gaggawa, nan ne kuma tunanin yake ginuwa. Ka ware masa hissa guda cur, ba kwalba ko ɗaya a kan tebur, takarda kawai.

Yawancin rukunai za su ce a zuba zogale a ruwa a gani ko zai yi haske. Ka tambaye su: in ya yi haske, ta yaya za mu san zogalen ne, alhali kun ce ruwa in ya kwana a randa yakan kwanta da kansa? Ka yi shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai ba sa jiran amsa fiye da kamar daƙiƙa ɗaya, kuma in suka jira daƙiƙa uku amsoshin yara kan ƙara tsawo, masu magana su ƙaru. Ni nakan ƙirga har goma a zuci. Shirun na da nauyi, amma ba a daɗewa wani zai ce a ajiye kwalba ɗaya ba a sa mata komai ba. Wannan ita ce kwalbar shaida. In daga bakinka ta fito, sun ji. In daga bakinsu ta fito, ta zama tasu.

Tsarin da muke ƙarewa a kai shi ne kwalba huɗu, kowace lita ɗaya: shaida, sai mai rabin ƙwaya, mai ƙwaya ɗaya, mai ƙwaya uku. Nan wata matsalar za ta taso, yaya ake auna rabin ƙwaya bayan an daka? Bar su da ita. Mafitar ita ce a daka ƙwaya 6 a dama a cikin murfin kwalba 12 na ruwa mai tsabta, sai murfi biyu ya tsaya a madadin ƙwaya ɗaya. Ke nan murfi 1, murfi 2, murfi 6. Darasin lissafi ne ya shigo ta taga, kuma yaron da ke sayar da kaya a kasuwa sau da yawa shi ke riga kowa ganewa.

Sai a jera abubuwan da dole su zama iri ɗaya a duk kwalaben: ruwa daga wuri ɗaya, girgizawa iri ɗaya har da ta shaida, lokaci ɗaya, inuwa ɗaya. Wata yarinya ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Ustaz, wadda aka zuba wa murfi shida ai ta samu ƙarin ruwa mai kyau, ba za ta fi sauran haske don haka ba?" Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na ce, "Gaskiyarki, 'yata, to me za mu yi?" Ta ce a cike wa sauran da ruwa mai tsabta har kowace ta samu murfi shida. Tun ranar haka muke yi, kuma nakan faɗa wa kowane sabon aji cewa ɗaliba ce ta gyara wannan.

Saura awon haske, tunda "ya fi kyau" ba awo ba ne. A zana baƙar alama mai kauri a farar takarda, a ɗora doguwar kwalbar gilashi mai shafaffen gindi a kai, a riƙa tsiyaya ruwan a hankali ana leƙawa daga sama har alamar ta ɓace, sai a auna tsayin ruwan da rula. Yawan santimita, yawan haske. In kwalbar ta cika alamar ba ta ɓace ba, a rubuta haka. Ma'aikatan ruwa ma suna da bututun awo da ke aiki a kan wannan ƙa'idar.

Ranar gwaji

Rukuni 15 na buƙatar lita 60, jarka uku ke nan. Babba ne zai ɗebo, kai ko mai karo. Kada yaro ya shiga kogi ko magudanar gona don wannan aikin, saboda tsargiya da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, cutar da manoman yankin Jazira a nan Sudan suka daɗe da sani. A juye ruwan a baramil ɗaya, a riƙa motsawa kafin kowace ɗiba, in ba haka ba rukunin ƙarshe laka zalla zai samu. Busassun kwanson zogale kamar goma za su wadaci aji. Waɗanda suka bushe a kan itace, ba ɗanyu ba.

A ɓare ɓawon, a ɗauki farar ƙwayar ciki, a daka ta yi laushi, a dama a girgiza sosai na 'yan mintuna, a tace da ƙyalle mai tsabta. A zuba a kwalabe, a girgiza da ƙarfi minti ɗaya ko biyu, sannan a riƙa juya kwalbar a hankali kamar minti biyar zuwa goma, a ajiye kada kowa ya taɓa. Nakan fara a hissar farko mu auna bayan hutun fatur, wato hutun karin kumallo, awa ɗaya ta cika ke nan.

Doka biyu amini zai karanta da ƙarfi kafin a fara: ba mai kai ruwan nan baki ko da ya yi garau, kuma ba mai fita sai ya wanke hannu da sabulu.

Lokacin awo, mai awo ya juya baya, marubuci ya rufe sunayen da ke jikin kwalaben ya sauya musu wuri, don mai leƙawa kada ya san wacce yake aunawa. Yara sukan tambayi dalili. Amsar ita ce ido yana bin abin da zuciya ke so. Wanda ya yi imani da zogalen kakarsa zai ci gaba da ganin alamar ko ta ɓace, ba da niyyar ƙarya ba.

Kai kuwa ka riƙa zagayawa hannunka a baya. In an kira ka, ka fara tambaya ko sun tambayi junansu. In ka ga kuskuren da ba shi da haɗari, ka bar shi ya faru.

Zaman allo

Ka zana babban jadawali, kowane rukuni ya zo ya sa lambobinsa. Ba za su zo ɗaya ba, kuma wannan bambancin shi ne darasin. Wanda zai yi bayanin rukuni da ƙuri'a ake fitar da shi a lokacin, saboda haka dole duka huɗun su fahimci aikin. Wannan ƙuri'ar ita ta kashe mini matsalar ɗaya na aiki uku na hira.

Ka sa ido a kan abu guda. Akwai shekarar da wani rukuni suka kawo lambobi daidai da na makwabtansu har ƙarshe. Da na duba littafinsu na ga an ja layi a kan wasu lambobi daban. Na kira marubucin gefe na ce, "Ɗana, me ya faru da na farkon?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ustaz, namu ya saɓa da na kowa, mun ji tsoro ka ce mun ɓata." A nasu, kwalbar ƙwaya uku ta fi ta ƙwaya ɗaya duhu. Na maida lambobinsu na asali a allo, na ce aji ya nemo dalili. Abin da suka gani abu ne sananne: garin zogale in ya wuce kima shi kansa yakan dagula ruwa. Rukunin da ya so ɓoye sakamakonsa shi ya kawo mana abu mafi daraja a ranar. Ban hukunta yaron ba, domin tsoron da ya ji mu malamai muka dasa shi da yawan neman amsa guda.

Sai bayan an gama gardama za ka ba da bayanin littafi, kuma a taƙaice. Ƙananan ƙwayoyin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna su ƙi kwanciya. Furotin da ke cikin ƙwayar zogale na ɗauke da kishiyar wannan cajin, sai ya jawo su su dunƙule, su yi nauyi, su nutse.

Hanya mai kyau ta juya zaman ita ce a tara masu awo na duk rukunai wuri ɗaya, marubuta wuri ɗaya, su kwatanta yadda kowa ya yi, sannan kowa ya koma rukuninsa da abin da ya samo. Ta yi kama da tsarin da Elliot Aronson ya fito da shi a Amurka a 1971, inda kowane ɗalibi ke riƙe da yankin darasin da sauran ba su da shi.

Maki

Na raba shi uku: littafin rukuni, bayanin wanda ƙuri'a ta faɗa wa, da 'yar gajerar tambaya da kowa zai amsa shi kaɗai. A littafin, gaskiyar rubutu nake dubawa da ko sun ambaci inda suka yi kuskure. Sakamako bai da maki. Ka sanar da su haka tun ranar farko.

Abin da za a kai gida

A watan Agustan 2024 hukumomin lafiya suka sanar da ɓarkewar kwalara a ƙasar nan, kuma kowa ya ga irin saƙonnin magani da suka riƙa yawo a WhatsApp. Saboda haka tambayar ƙarshe da nake ba kowane rukuni ita ce: me gwajinmu ya nuna, me bai nuna ba, kuma me za ku gaya wa Inna in kun koma? Su rubuta jimla uku su sa hannu su huɗu.

Mun auna haske, ba mu auna ƙwayoyin cuta ba. Zogale yana rage su tare da lakar da ta kwanta, amma ba ya kawar da su duka, kuma ruwan da aka sa masa zogale ba a ajiye shi ya wuce yini, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin. Bayan tacewa sai an tafasa har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Tacewar na da amfani a nan, domin kulorin ya fi aiki a ruwa garau. Rukunin da ya rubuta "zogale na tsarkake ruwa" nakan maida musu takardar, in tambayi mai tambayarsu ko zai yarda a ba ƙanwarsa ta goye wannan ruwan a kan wannan jimlar. Sukan sake rubutawa ba tare da na ƙara kalma ba.

In ka samu hali, ka gayyaci iyaye mata wata ranar Alhamis, yaran su yi gwajin a gabansu da Hausa, su kuma tambayi tsofaffin yadda suke yi da nasu ma'aunin. Abin da tsofaffin suka faɗa a rubuta shi a littafin rukuni kamar kowane bayani.

Kafin a tashi, ka jefa musu tambayar mako mai zuwa: me ya sa ruwan zir ya fi na jarka sanyi alhali a inuwa ɗaya suke? Wani malami daga Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya bi wannan tambayar ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000, dabarar ta iso har Darfur. Kada ka gaya musu yadda take aiki. Ka ce wa aminai kowane rukuni ya zo da ƙananan tukwane biyu, ɗaya ta iya shiga cikin ɗaya, da kwanon yashi, da tumatir huɗu masu girma ɗaya, biyu na tukunya biyu na shaida.